Shekarar da Kwalara Ta Haye Gada

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana, Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan ka sauka lafiya, ka kuma tarar da mutanen garin lafiya. Allah Ya sa ka shiga aikin nan a sa'a, Ya tsare ka daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Mahaifinka yana gaishe ka, yana sa maka albarka.

Na san karatun Hausa na ba ka wuya, Faransanci ya fi zama a bakinka kamar sauran 'ya'yan Abidjan. Da gangan na rubuta da ita. Abin da zan faɗa maka a cikin Hausa ya same ni, idan na juya shi sai ya koma rahoto irin wanda na yi shekaru ina rubuta wa manya. Ka karanta a hankali, in wata kalma ta shige maka duhu ka kira ni.

Ranar da ka shigo da labarin an ba ka shugabancin yaƙi da annoba a wata gunduma can arewa, na yi hamdala, amma ka lura ban yi doguwar magana ba. Kai likita ne, ni ma'aikaciyar jinya ce har na ajiye aiki, don haka maganin cuta ka fi ni saninsa. Sai dai kujerar da za ka hau na taɓa zama a kan ƙaramarta, kuma daminata ta farko a kanta ita ce zan ba ka labari.

Kana ƙaramin ɗan lakwal a lokacin, ɗan firamare, muna gidan hayarmu na farko a Adjamé, bayan Meri, ofishin magajin gari. Kakarka Inna tana Treichville, a gidan da aka haife ni, inda mahaifina, wanda kake ɗauke da sunansa, ya sauka tun zuwansa daga Maraɗi. An ba ni jagorancin wata ƙungiya ta ma'aikatan lafiya, aikinmu sa ido kan cututtukan da ke yaɗuwa a ɓangarenmu na Adjamé. Mataimakiyata Madam Akisi ce, wata 'yar ƙabilar Baule da ta girme ni, ta kuma riga ni shiga aikin.

Ruwa ya yi yawa a shekarar, kwatoci suka cika suka malalo cikin gidaje. Aka kawo mana wani direban gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, yana amai da gudawa, gudawar fara kamar ruwan wankin shinkafa. Kashegari aka kawo wata mai dako daga kasuwa, idanunta sun faɗa, fatar hannunta ta yamutse. Akisi ta ja ni gefe ta ce wannan ba ta da wani suna sai kwalara, mu sanar da sama tun yanzu. Na ce mu jira sakamakon gwaji. Dalilin da na ba ta shi ne ba a tayar da hankalin gari a kan zato. Dalilin da ke cikina daban ne. Ni sabuwa ce, mace ce, akwai kuma maza a wajen aikin da suke ganin su suka fi cancanta da kujerar. Na ji tsoron in yi kururuwa a zo a ga ba komai, a ce ai daman an faɗa. Kafin sakamakon ya fito gadajenmu sun cika, mun fara shimfiɗa mutane a baranda, kuma kayan da ya kamata a ce sun iso tuni lokacin ne aka fara neman motar da za ta ɗauko su.

Babana, idan zuciyarka ta ba ka cewa annoba ce, ka sanar a ranar. Ka ce zato kake yi, ka faɗi abin da ka gani, ka ci gaba da bincike. Idan ya zama ba ita ba ce za a yi maka dariya, kuma dariya ba ta taɓa kai kowa kushewa ba. Duk lokacin da ka ji kana son jinkirtawa, ka tambayi kanka: don mutane nake jira, ko don sunana?

Da aka tabbatar da cutar, sai na so in rama lokacin da na ɓata, wanda kuwa yake son ramuwa hannunsa nauyi gare shi. Muka bi marasa lafiya da tambaya, ina suka ci, ina suka sha. Da yawansu suka ambaci rumfa ɗaya a bakin tashar mota, rumfar Gwaggo Delu, mai koko da ƙosai da ruwan citta mai sanyi. Ba ka san ta ba. Aminiyar Inna ce tun suna amare a Treichville, ita ta yi mini kitson sallah ina yarinya, daga baya ta koma Adjamé saboda kasuwa. Mijinta ya rasu, da rumfar nan ta riƙe 'ya'yanta.

Na tafi da hantsi, lokacin da tasha ta fi cika. Na je da farar motar aiki, da ma'aikata cikin fararen riguna, da jami'an tsafta. Ban yi mata sallama ta 'ya da uwa ba, da Faransanci ma na yi magana, don kada a ce na yi sassauci saboda tawa ce. Na sa aka tuntsurar da tukunyar kokon a kwata, aka zubar da ruwan cittar, aka ɗaure rumfar da igiya. Direbobi da 'yan kamasho da masu talla duk suka taru suna kallo. Wani ya ɗaga murya ya ce ashe tsohuwar nan ce ke kashe mutane. Gwaggo Delu ba ta yi gardama ba. Ta tsaya da ludayi a hannu har aka gama, sannan ta dube ni ta ce:

"Rabi, da a kunne kika faɗa mini, da ni da hannuna zan zubar."

Na shiga mota. Na ɗauka na nuna adalci.

Bayan wannan sai masu zuwa asibiti suka ragu. Na rubuta wa likitan da ke sama da ni cewa mun gano tushen cutar mun kuma tsinke shi, ya yaba mini a gaban taro. Gaskiyar abin kuwa, labari ne ya zaga Adjamé cewa duk wanda ya kai mara lafiya za a tambaye shi inda ya ci, kuma farar mota za ta je ta tozarta mai wurin. Wa zai so a ce bakinsa ne ya rufe wa maƙwabcinsa abinci? Sai mutane suka ja ƙofa suka rufe, suna jinyar nasu da jiƙo da ƙwayoyin kanti. Cutar tana nan tana ci, mu ne kawai muka daina ganinta.

Ka riƙe wannan da kyau. Idan adadi ya faɗi kwatsam, kada ka yi saurin murna, ka fita ka duba ko mutane ne suka daina zuwa. Ka tambayi masu kantin magani me aka fi saye, ka tambayi masu haƙa kabari yaya aiki. Idan kuma dole sai ka rufe wa wani sana'arsa, ka je da ƙafarka tun kafin kasuwa ta ci, ka zauna, ka gaishe shi, ka faɗa masa dalili, ka faɗa masa ranar da zai buɗe. Dokar da ke hannunka ta ba ka ikon rufe rumfa. Ba ta ba ka ikon zubar da mutuncin mai ita ba, kuma mutumin da ka kunyata yau, gobe unguwarsa gaba ɗaya za ta ɓoye maka.

Wata safiya Inna ta kira ni a waya. Muryarta a daƙile ta ce Delu ta rasu, za a yi jana'iza bayan azahar a gidan ƙanenta Alhaji Sani a Treichville. Na tambaya me ya kai ta Treichville. Inna ta ce ciwon ya kama ta a Adjamé, ta rantse ba za a kai ta wurina ba, ba kuma za ta kwanta a ɗakinta ba don kada motar nan ta sake tsayawa a ƙofarta. Sai 'yarta Balaraba ta sa ta a tasi, suka haye gada. Haka kwalara ta shiga unguwar da aka haife ni, a kujerar bayan tasi, a jikin matar da ke guduna.

Na ɗauki Akisi da jarkar ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta da safar hannu, muka tafi cikin woro-woro, tasin haɗaka, na bar motar aiki. Na cire farar riga na sa hijabi. Na tarar da gida cike, mata suna haɗa ruwan wanka. Ka san gawar mai kwalara ta fi mai rai haɗari, kuma ka san yadda wankanmu yake, hannu da yawa, ruwa yana gudu tsakar gida. Na nemi ganin Alhaji Sani. Babban ɗan kasuwa ne mai shigo da atamfa ta tashar jiragen ruwa, mutum mai sanyin magana, amma ranar ko wurin zama bai nuna mini ba. Ya ce:

"Kin kashe mata kasuwa, kin kashe mata suna. Gawar ma ba za ki bar mana ba?"

Na durƙusa a ƙasa kamar yadda nake durƙusa wa mahaifina. Na ce ban zo karɓar gawa ba, na zo roƙo ne. Na faɗa masa abin da ruwan wankan zai iya yi wa gidansa, na ce a yi mata sutura cikakkiya yadda addini ya ce, amma a bar ni in yi wankan da kaina, da mutum ɗaya daga cikin jininta. Limamin unguwa yana wurin, ya yi mini tambayoyi kan abin da zan sa a ruwan da inda zan zubar da shi, sannan ya ce bai ga abin da ya saɓa wa shari'a ba, kuma kare rayayyu wajibi ne. Alhaji Sani ya ce a kira Balaraba.

Ni da ita muka yi wankan. Na sa mata safar hannu, tana zuba ruwa ina wankewa. Ciwon ya tsotse Gwaggo Delu har na ɗaga ta kamar yarinya. Balaraba ba ta dube ni ba ko sau ɗaya, ni ma ban nemi ta dube ni ba. Akisi tana bakin ƙofa tana karɓar ruwan, tana wanke hannun duk wanda ya matso. Aka sallace ta, aka kai ta.

A nan na sake yin kuskure, wannan karon na kunya. Da aka ɗauki gawa ya kamata in tsaya in tambayi su wa suka yi jinyarta, ina zannuwan da ta kwanta a kai, wa ya wanke su, da wane ruwa za a dafa abincin zaman makoki. Duk na san wannan, shi nake koya wa ma'aikata. Amma na ga an yi mini alfarma ɗaya a gidan da ba a son ganina, sai nauyi ya kama bakina, na kasa neman ta biyu. Na yi ta'aziyya na fito. Ban san cewa Inna ce ta yi kwanaki tana jinyar aminiyarta ba, tana wanke mata zannuwa da hannunta, ta ɓoye mini don Delu ta roƙe ta.

Babana, a rumfa na yi tsanani inda ya kamata in yi taushi, a gidan makoki na yi shiru inda ya kamata in yi magana. Duka biyun tushensu ɗaya, ina duba yadda za a gan ni. Ladabi ba shi ne ka haɗiye gaskiya ba. Ka durƙusa in durƙuso ya kama, ka sassauta murya, amma kada ka tashi sai ka faɗi duk abin da ya kawo ka.

Ba a yi sadakar uku ba sai da mutane suka fara kwanciya a gidan Alhaji Sani da maƙwabta. Inna tana cikinsu. Na same ta a ɗakinta ta kasa tashi, muryarta ta shige, tana ce mini kada in kira mota, kada a ce 'yarta ta kawo wa unguwa abin kunya. Ban saurare ta ba. Na goya ta a bayana har bakin titi, mahaifinka ya tare tasi. A asibitin da ke kusa da su aka kwantar da ita, jijiyoyinta sun ɓace, sai da aka sha wuya kafin a sami inda za a sa mata ruwa.

Na zauna a gefen gadonta, kuma daga nan nake son in ci gaba da tafiyar da aikin Adjamé. Tun da aka ba ni shugabanci ban taɓa yarda wani ya riƙe mabuɗin ɗakin kayanmu ba. Jabel, gishirin haɗa ruwan sha, ledojin ƙarin ruwa, duk sai na sa hannu ake fitar da su, kuma ba mai fita unguwa sai da izinina. Ina ganin wannan shi ne riƙon amana. To ga ni a Treichville, mabuɗi yana cikin jakata, ma'aikata suna zaune a Adjamé suna jiran umarni, marasa lafiya kuma sun fara dawowa, waɗanda aka ɓoye har suka galabaita.

Da yamma Akisi ta zo duba Inna. Bayan ta gaishe ta, ta fito da ni waje ta miƙo mini kwaɗon ɗakin kaya a karye. Ta ce ita ta sa aka fasa, ta raba ma'aikata gida-gida, idan zan kai ƙararta in kai. Raina ya ɓaci, na fara faɗa. Ta bari na gama, sannan ta kira ni yadda suke kiran shugaba a wajen aiki, ta ce:

"Shef, yau mahaifiyarki ce ta kwanta. Gobe in ke ce fa? Sai Adjamé ta jira ki warke?"

Na ciro mabuɗin ofis ma na ba ta.

Waɗannan ma'aikatan da na daɗe ina riƙe wa wuya su suka gano tushen cutar. Wata tsohuwar rijiya ce a tsakar wani babban gidan haya bayan tasha, ruwan kwata yana tsiyaya cikinta ta ƙarƙashi. In famfo ya ɗauke, rabin layin a nan suke ɗiba. Gwaggo Delu ma a nan take ɗibar ruwan da take haɗa cittarta. Kokon da na zubar a kwata tafasasshe ne, ba abin da zai yi wa kowa. Na rufe rumfar tsohuwa, na bar rijiyar a buɗe.

Don haka tun ranar da ka fara aiki ka shirya wanda zai tsaya in ba ka nan. Ka raba mabuɗai, ka raba iko, ka bar na ƙasa da kai su yanke abin da suke gani da idonsu. Za su yi kuskure wani lokaci, ka gyara musu a ɗaki, ba a gaban jama'a ba. Ka duba ko sun ci abinci, ko sun huta, ko suna da safar hannu, domin wanda ke tsoron ya kai cuta gida ga 'ya'yansa ba zai shiga ɗakin mara lafiya da zuciya ɗaya ba. Idan ɗayansu ya faɗa maka magana mai ɗaci, kada ka hukunta shi, in ba haka ba shi ne na ƙarshe da zai faɗa maka gaskiya.

Allah Ya tashi kafaɗun Inna. Tana fara zama da kanta Alhaji Sani ya zo gaishe ta. Ya ga mutanen da aka shigo da su a sume suna fita da ƙafafunsu. Da zai tafi ya tsaya a ƙofa ya tambaye ni, da an kawo Yaya nan da wuri, da ta tashi? Na so in ce masa kwana ne ya ƙare, in tsaya a nan, kuma ba ƙarya ba ne. Amma na ce masa ajali na Allah ne, sai dai galibin waɗanda ake kawowa da wuri suna tashi, kuma abin da ya hana ta zuwa ni ce. Ya gyaɗa kai ya tafi.

Ranar Juma'a shi da liman suka tashi bayan sallah suka yi wa jama'a magana. Alhaji Sani ya faɗi sunan yayarsa da bakinsa, ya ce kada wanda ya sake ɓoye mara lafiya. Ya haye zuwa Adjamé ya yi wa 'yan kasuwarmu irin wannan magana, a cikin Hausa, sannan wani abokinsa ya maimaita da yaren Jula. Da mai gidan hayar aka zauna aka rufe rijiyar, bayan an samar wa layin ruwan sha. Ni kuma na rubuta wa likitan da ya yaba mini cewa rahotona na farko kuskure ne, na faɗi yadda aka yi. Bai ji daɗi ba, na kuma daɗe ina jin raɗaɗin hakan a wajen aiki. Kai ma in ka aika labari sama daga baya ka ga ba haka ba ne, ka gyara da hannunka, domin da shi za a raba magani da ma'aikata. Kafin damina ta ƙare cutar ta lafa.

Balaraba ta buɗe rumfar uwarta, har yau tana nan a bakin tasha. Na yi shekaru ina canza hanya don kada in bi ta gabanta. Bayan rasuwar Inna ta zo mini ta'aziyya, sai na samu ƙarfin neman gafararta. Ta ce uwarta ta yafe mini tun tana kwance, ta ce a faɗa wa Rabi aikinta ta yi. Ita ce dai, Balaraba, ba ta isar da saƙon ba, don a lokacin ita ba ta yafe ba. Yanzu muna gaisawa, muna zuwa sunan juna.

Ranar da muka raka ka tasha, bayan motarku ta tashi, na tsaya a rumfarta na faɗa mata aikin da aka ba ka. Ta yi maka addu'a sosai. Har na juya zan tafi ta kira ni, ta ce:

"Yaya Rabi, ki ce masa duk gidan da zai shiga, ya yi sallama tukuna, ya jira a amsa."

Na isar maka.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka abokan aiki na gari da kunnen jin maganarsu. Ya tsare ka da cutar da kake yaƙa, Ya tsare mutane da kuskurenka. Ka riƙe sallarka a kan lokaci ko aiki ya yi yawa, ka ci abinci, ka wanke hannunka. Allah Ya kai ka lafiya duk inda za ka sa ƙafa, Ya dawo mana da kai lafiya, Ya yi maka albarka duniya da lahira. Amin.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Rabi
Adjamé, Abidjan